Ranar da Zoɓon Kaka Ya Zo

A shekarata ta biyu a makarantar koyon aikin jinya na zo hutu gida Mubi da wani littafi mai nauyin bulo. Damina ce, duwatsun da ke bayan gari sun yi kore shar, ni kuwa jarrabawa na jirana a kan cututtukan ciki na jarirai da yara. Nakan shimfiɗa tabarma a gindin mangwaron tsakar gida in buɗe littafin, kafin in kai ƙarshen shafi hankalina ya bi gajimare.

Ba lalaci ne kaɗai ba. Waɗanda suka rubuta littafin ba su san ƙyama ba: duk abin da ya fito daga cikin yaro, ta sama ko ta ƙasa, sai sun kwatanta shi da abinci, kuma abincin ƙasarsu. Kashin jariri mai lafiya wai kamar wani rawayan abu da suke shafa wa nama. Ƙullutun da ake ji a cikin jaririn da ƙofar tumbinsa ta tsuke wai kamar zaitun. Ni da ban taɓa riƙe zaitun ba, ta yaya yatsuna za su gane shi?

Kakata ta wajen uba, wadda ta tashi a Mugulbu ta goya yara fiye da yadda take iya lissafawa, tana zaune kusa da ni tana tsince zoɓo. Ta tambaye ni abin da ya sa nake ɓata fuska. Da na faɗa mata, ta yi dariya har tire ya kusa kifewa. Ta ce ashe duk wahalar da ubana yake sha, kashi aka tura ni karantawa. Daga ranar ta raɗa mini Malamar Kashi, sunan kuma ya bi ni har gidan maƙwabta.

Amma ba ta tsaya a tsokana ba. Ta ce in riƙa karanta mata, ita za ta mayar da abincin Turawa namu. Rawayan nan ya zama garin ɗorawa. Zaitun ya zama aduwa. Farin kashin yaron da hanyar ɗacinsa ta toshe ya zama farar ƙasa. Da muka zo kan zawo mai kama da ruwan shinkafa, ta gyaɗa kai ta ce a nan dai Bature ya yi hankali. Ina rubutawa da fensir a gefen shafi, ƙannena kuwa suka daina cin abinci kusa da mu.

Ɗaya ne ya ba mu wuya: cutar da hanji ke shigewa cikin ɗan'uwansa. Littafin ya ce kashin yana zuwa da jini da majina, kamar wani jan abu mai danƙo da suke shafa wa burodi, kuma ana jin wani dogon ƙullutu a ciki. Kaka ta dubi tirenta, ta ce in rubuta zoɓo mai kauri da aka zuba wa yauƙin kuɓewa. Ƙullutun kuma ƙaramar ayaba. Ta ce ita dai ba ta taɓa gani ba, ta yiwu yaran Turawa ne kawai ke yin irinsa.

A cikin hutun nan Addata, babbar yayarmu, ta zo kwana biyu da ɗanta mai wata bakwai, mijinta ya tafi Maiha sayen wake. Yaro ne mai kumatu kamar an hura, Kaka na kiransa angonta, tana yi masa ƙorafin bai kawo mata ko goro ba.

Wata safiya ya callara ƙara, ya naɗe gwiwoyinsa zuwa ƙirji, sai kuma ya yi lakwas kamar ba shi ba. Bayan ɗan lokaci ya sake. Ya yi amai sau biyu. Adda ta ce haƙori ne. Kaka ta jiƙa wasu saiwoyi a ƙwarya. Aka juyo gare ni, mai littafi, ni kuwa na gyara murya na ce iska ce ta taru masa, za ta wuce. Har yau in na tuna yadda na faɗi maganar nan da ƙwarin gwiwa, sai kunya ta kama ni. Na koma gindin mangwaro abina.

Bayan azahar na ji Kaka ta kira ni, ba da muryar wasa ba, ko da yake sunan bai canja ba.

"Malamar Kashi, ajiye littafin nan. Zoɓonki ya zo."

Tana riƙe da nafkin yaron a buɗe. Kashin ja ne, mai yauƙi, daidai yadda ta kwatanta ba tare da ta taɓa gani ba. Na kwantar da yaron na ɗora tafin hannuna a cikinsa. Can ta dama, ƙasan haƙarƙari, ayabar tana nan.

Na ce asibiti za mu yanzu. Adda ta ce ba ta fita da yaro asibiti ba da sanin ubansa ba, ga wayarsa ba ta shiga, a bari ya dawo gobe. A gidanmu ni ce mai sanyin murya, wadda ake aika ta sayo gishiri ta tsaya kallon tantabaru. Ban taɓa musa wa Adda ba sai ranar.

"Adda, hanjinsa ya shige cikin hanji, kamar hannun riga in an tuɓe ta da sauri. In muka jira gobe, wurin zai mutu a cikinsa."

Adda ta dubi Kaka. Kaka ta ɗauki ƙwaryar jiƙonta ta tuttular a bakin rariya, ta ƙulle nafkin ɗin a leda, ta yafa mayafi.

"Miji kike jira? Ga nawa mijin nan kwance. Ɗauko shi."

Muka isa asibiti. Kaka ce ta kwance leda a gaban likita, ta yi masa bayanin zoɓo da kuɓewa da ayaba a gefen dama. Ya dube ta, ya dube ni, ya taɓa cikin yaron, fuskarsa ta canja. Kafin magariba an shiga da shi ɗakin tiyata. Da suka fito aka ce an janyo hanjin, bai kai ga lalacewa ba, amma saura kaɗan.

Sai jira. Aka hana shi nono har sai cikin ya farka, ruwa kawai ake ƙara masa ta jijiya. Uban ya iso da ƙurar hanya a jikinsa, bai yi faɗan komai ba, ya zauna a benci tare da mu. Malamar jinya ta ce alamar farko ita ce tusa. Kaka ta ce ta shekara saba'in da wani abu a duniya, ba ta taɓa roƙon Allah namiji ya yi tusa a gabanta ba sai yanzu. Da ta fito, 'yar siririya, a rana ta biyu, Adda ta fashe da kuka, Kaka ta yi wa angonta barka da arziki.

Aka mayar da shi kan nono kaɗan-kaɗan. Kwana biyu bayan haka, da hantsi, Kaka ta kwance masa nafkin ta daɗe tana dubawa, ta matsa bakin taga don ta samu haske. Sannan ta miƙo mini har gaban hanci, a gaban duk matan ɗakin.

"Duba littafinki. Wannan ɗorawa ne ko ba ɗorawa ba?"

Na ce ɗorawa ne. Ta naɗe shi a hankali, ta ce to a sayo mata zoɓo mai sanyi a bakin ƙofa, maƙogwaronta ya bushe. Aka kawo gora huɗu. Ita kaɗai ta iya sha.