Kwalin Tun-Yaushe

A ofishin nan na hawa na biyu, inda fanka ke kuka kamar ana yankan ta, kowa ya san Tun-Yaushe. Aikinsa kula da littafin bayanin wata manhaja da masu rubuta manhajoji ke dogaro da ita. Ƙarƙashin kowane umarni akwai layi ɗaya, misali: "An ƙara a siga ta 2.4." Wannan layin shi ne ransa. Ka kuskura ka rubuta "2.4.0" inda kowa ya rubuta "2.4", sai ka gan shi tsaye a kanka, tabarau a kan hanci, yana cewa, "Tun yaushe?"

Abin har gida ya bi shi. Firij da tukwane duk ya manna musu takarda. Ranar da ya manna wa tsohuwar rediyon matarsa "Za a cire a siga mai zuwa", kwana uku yana cin abinci da sanyi.

Shi ya kafa dokar kwali: wanda duk ya sa lambar da ba ita ba, zai wuni da kwali a wuya, an rubuta "Ni na ɓata". Shekara goma sha ɗaya kowa ya rataya, har shugabar sashe. Shi kaɗai bai taɓa ba, kuma bakinsa ba ya gajiya da faɗa.

Wata Laraba da safe wani mai amfani da manhajar ya aiko da ƙorafi. Littafi ya ce umarnin rufe fayil yana nan tun siga ta 2.1, shi kuwa ya wuni yana nema bai gani ba. Ashe sai a 2.3 aka ƙara shi.

Tun-Yaushe ya tara jama'a, ya karkaɗe kwalin, baki har kunne. "Yau za mu ga ɓeran da ya yi mana wannan ɓarna!" Ya buɗe tarihin gyare-gyare a babban allo, inda kowane layi ke nuna wanda ya rubuta shi da ranar.

Doguwa, wadda ta fi kowa shan kwalin, ta matso ta ƙura ido. "Yaya, wannan ba sunanka ba ne?"

Sunansa ne. Bayanin umarnin buɗe fayil ya kwafa ya manna, ya manta bai canza lambar ba. Shekara bakwai kuskuren na zaune abinsa. Kunya ta rufe shi, ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

"In za ka haƙa ramin mugunta, haƙa shi gajere," in ji Doguwa, tana rataya masa.

Ya gyara layin, ya sake duba ranar, sai ya tuna. Ranar da aka haifi 'yarsa ce. A kan bencin asibiti ya yi aikin, kwamfuta a cinya.

Da yamma ya shiga gida da kwalin a wuya, ya ba matarsa labari. Ya ɗaga yarinyar sama, ƙaunarta ta cika masa zuciya. "Wannan dai ba na taɓa kuskuren lambarta."

"To, aji nawa take?" in ji matar.

"Aji ɗaya mana."

"Aji biyu. Bar kwalin nan a wuyanka."