Neman Ɗan Zanzaro a Gidan Tururuwa

Ana idar da sallar asuba muka kama hanyar Zariya daga Kano, ni da yayata. Ita malamar jami'a ce mai binciken ƙwari, ni kuwa direba ne kawai da ɗaukar jaka.

Abin da muka fita nema wani ɗan mitsitsin ƙwaro ne dangin zanzaro, bai kai ƙwayar shinkafa ba. A mota ta yi min bayaninsa. Uwar takan saka ƙwai a jikin ganye. Idan tsutsar ta ƙyanƙyashe sai ta maƙale wa tururuwar da ta zo wucewa, a kai ta har cikin rami. Can za ta ɗauki warin gidan, ta riƙa cin 'ya'yan masu gida, su kuma suna lallaɓa ta kamar tasu. Ta ce duk dangin wannan ƙwaro na duniya kaka ɗaya suka haɗa, amma kusan kowane reshe da irin tururuwar da yake bi. So take ta auna ƙwayoyin gadon na kudancin Kano ta ga reshen da suka fito. Ta sha zuwa tana komawa hannu rabbana, kuma tallafin bincikenta bana zai ƙare.

A yankin Bebeji muka karya da soyayyen kifin Tiga, mai araha har na ji kunyar tayawa. Muka wuce Ƙafin Maiyaki, inda 'yan acaɓa suka fi motoci iko da titi. A Ɗangora muka duba ramuka har azahar, ba abin da na samu sai cizon cinnaka a ƙauri.

Daga Tudun Wada ƙasa ta canza. Dajin Falgore kore shar, duwatsu na leƙowa ta bayan itatuwa, iska mai sanyi. Na rage gudu don kallo, yayata ta ce in taka, hadari na haɗuwa.

A gefen Doguwa muka tarar da wani dattijo a gonar masara, ya jiƙa magani zai zuba a ramin tururuwa. Yayata ta durƙusa ta gaishe shi, ta roƙi ya ɗan dakata.

"Hajiya, tururuwa za ki yi wa ceto?"

"Baƙon da ke cikinsu nake nema, Baba." Ta ba shi labarin.

Ya yi dariya. "Ashe su ma suna fama da mugun agola. To, tona."

Shi ya ara mana fartanya. Ta duƙa tana tsince ƙasa da ɗan cokali, yayyafi na sauka a bayanta, tururuwa na hawa hannunta, ba ta ko kaɗe su ba. Can sai ta miƙo min gilashin ƙara girma. Ga shi nan tsakanin fararen 'ya'yan tururuwa: baƙi mai sheƙin kore, da ƙusumbi, da wasu ƙahoni biyu a gadon baya. Ban taɓa ganin ƙaramin abu mai kyau haka ba. Dattijon ma ya karɓa ya duba, ya daɗe, sannan ya ce, "Tsarki ya tabbata ga Mahalicci."

Muka iso Kano da magariba, a jiƙe. Sai bayan watanni za a san danginsa. Amma ni na riga na samu nawa sakamakon. Shekara da shekaru muna yi wa yayata tsiya a gida wai ta yi digiri a kan ƙwaro. Da Inna ta tambaye ni ya hanya, na ce mata daga yau ni na daina.