Malam Dakata da Wuƙar Gazali

Kafin rana ta ɗago, Malam Siddiƙ ya riga ya ɗaure akwatin maganinsa a bayan babur. Kunu kofi ɗaya, a tsaye. Matarsa Fatsuma ta ce ba ta taɓa ganin ya sha shi zaune ba. Daga nan sai hanya. Yau Fakku, gobe rugagen da mota ba ta zuwa, ranar kasuwa kuma shina cikin kara, wajen cinikin dabbobi, shina buɗe bakin shanu shina duba kofato. Shekara talatin da biyar ke nan shina wanga aiki na malamin dabbobi a ƙasar Kebbe, kuma ƙarshen watan nan zai aje.

Tun da na ji labarin ajewar na kasa zama wuri ɗaya. Ni Na'iya, manomi, ban taɓa shiga aji ba, ɗiyata Mu'minatu ce ke rubuta abin da nike faɗi. Na ga fari biyu, na ci ganye na rayu. Maciji ya sare ni sau biyu, shi ya mutu. Motar hatsi ta kife da mu a hanyar Tambuwal, ni na jawo direban. Duk wannan bai taɓa hana ni cin tuwo ba. Amma maganar mutumin nan ta hana ni, don ina jin kamar ni na cuce shi. Bari ku ji yadda anka yi.

Kun dai san halinmu. In dabba ta faɗi, ba magani muke fara nema ba, wuƙa muke nema, don kada ta mace ta zama mushe a yi asara biyu. Mahaucinmu Gazali kuwa, Allah ya ba shi kunne: ko akuya ta yi tari a bayan gari sai ka gan shi shina wasa wuƙa. Malam Siddiƙ shi ne mutum na farko da ya fara shiga tsakani. Tun daga nesa, bai ko kashe babur ba, za ka ji shi:

"Dakata! Ku dakata!"

Har sunan ya bi shi. Yau ka je Kebbe ka ce Siddiƙ, sai a tambaye ka wane. Ka ce Dakata, a nuna maka gidan.

Shekara ashirin da bakwai da sunka wuce, wani babban kamfanin yanka da ke Kudu ya aiko mai da takarda. Aikin duba nama ne: a yanka, ya duba, ya buga hatimi. Albashi ninki uku na abin da yake samu, ga gida, ga mota. Kowa ya ce ya tafi. Ni ma na ce ya tafi. Ya haɗa kaya, ya yi sallama da mutane, ya sa ranar Talata.

Talatar nan da hantsi babban sana na huɗa, Goje, ya tsinke igiya ya faɗa gonar wake, ya cika ciki da ɗanyen ganye mai raɓa. Kafin mu ankara ya kwanta, ciki ya kumbura kamar ganga, harshe waje. Damina tsaka, kuma shi ke ja mini garma. In Goje ya tafi, noman bana ya tafi, ga baki goma sha ɗaya a gidana.

Sai ga Gazali, wuƙa a hammata.

"Na'iya, ka yi haƙuri, ka kama mini ƙafa. Wanga sa ba ya kai azahar."

Na ce, "In ka taɓa shi kafin in komo, kai za ni ɗaura wa garma."

Ya ce, "To ka yi sauri, don ni ba ni yanka gawa."

Na hau keke. Wallahi ko yanzu ba a yi saurayin da zai taka keke yadda na taka a ranar nan ba. Na isa tashar Kebbe na iske motar Tambuwal ta cika, ana ɗaure kaya, Malam Siddiƙ shina tsaye gefe da jakarsa a hannu. Ban ko yi sallama ba, na kama mai riga na ce, "Likita, Goje!" Bai tambaye ni komi ba. Ya ari babur wajen wani mai shayi, ya biya gida ya ɗauko akwatin da ya riga ya aje, muka kama hanya, keken ma a tasha na bar shi.

Mun iske an riga an juya kan Goje gabas, mutum huɗu sun danne shi.

"Dakata!"

Gazali ya ce, "Kai kuma? Ba an ce ka tafi ba? Har na yi sadaka!"

Malam ya durƙusa, ya laluba kwiɓin hagu da yatsu, ya fiddo wani ƙarfe mai tsini da bututu, ya ce bismillah, ya soka. Iskar da ta fito, jama'a, sai da Gazali ya toshe hanci da hularsa. Anka ɗura wa san man gyaɗa. Muna tsaye muna kallo ciki ya dinga saɓewa. Kafin la'asar Goje ya miƙe, ya kaɗa wutsiya, ya kai wa Gazali kaho. Shekara shida ya ƙara yi mini huɗa.

Mota kuwa ta tafi. Malam bai bi ta gobe ba, bai bi ta jibi ba. Wani abokin karatunsa, Uthman, shi ya karɓi aikin.

Tun daga ranar ba majalisar da ban faɗa ba: ni Na'iya, ni na tsare wa ƙasar Kebbe likitanta. Duk saniyar da ya ciro wa maraƙin da ya gicciye, duk garken da ya yi wa allura ciwon huhu ya tsallake shi, ina cewa da ladana a ciki. Sai bara Uthman ya zo gaisuwa, cikin wata mota da ta kasa shiga lungunmu don faɗi, ana cewa gidajensa uku a birni. Na dube shi, na dubi Malam Siddiƙ da baburinsa mai ɗaurin roba, da yatsansa da wata karsana ta karya ya warke a karkace. Ashe abin da nike alfahari da shi, arzikin mutum na tare?

Shekaranjiya na kasa daurewa. Na same shi a ɗan shagonsa na maganin dabbobi, na ƙi zama a bencin da ya miƙo mini.

Na ce, "Likita, gafara na zo nema. Ni na sauke ka daga motar arziki."

Ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce, "Baba, da ka zo tasha, ina ka iske ni?"

"Gefen mota."

"Jakata tana ina?"

"Hannunka."

"To mai tafiya jakarsa na hannu, ana ɗaure kaya? Na riga na sauka, Baba. Na ba wani wurina tun kafin ka shigo tasha."

Na ce, "Mi kake faɗi haka?"

Ya ce, "Ina zaune cikin motar nan na tambayi kaina abu biyu. Abin da nike samu a nan, in na haɗa da gona da ɗan shago, zai riƙe iyalina ba tare da na roƙi kowa ba? Na ga zai riƙe. Da ba zai riƙe ba, wallahi da na tafi, don ba a ciyar da yara da godiyar mutane. Na biyu, can mi za ni yi? Kullum in tsaya bayan wuƙa, in ga dabba sai an gama da ita. Ni kuwa gaban wuƙa nike son tsayawa. Uthman aikin ya dace da shi, ya ji daɗinsa, Allah ya ƙara mai. Ni da na je, da na yi ƙiba ina baƙin ciki."

Na ce, "Shekara ashirin da bakwai kana jina ina cika baki, ba ka taɓa tanka mini ba?"

Ya ce, "Kana jin daɗin labarin, Baba. Na ce a dakata."

To ka ji, Siddiƙ ɗan garin Sanyinna. Kai ne ka koya wa ƙasa guda cewa dabbar da ta faɗi tana iya tashi. Kai ne wanda Gazali ya yi shekaru shina zagi, ranar da tasa saniyar ta kwanta kuma ya zo ƙofarka ba takalmi. Ba ka yi gidaje uku ba, amma ɗayan da ka gina naka ne, 'ya'yanka biyar duk sun yi karatu, kuma ban taɓa ganin ka fita aiki fuska a ɗaure ba. Mun gode. Allah ya ba ka hutu mai lafiya, ya saka maka da abin da ya fi hatimi.

Ku kuma masu takardu, 'ya'yanmu da ke tsaye tasha yau, ban ce ku ƙi kuɗi ba. Na san yunwa fiye da ku duka. Amma kafin ku hau, ku yi wa kanku tambayoyin nan biyu. Ƙarshen wata na zuwa, har yau ba mu ji wanda za a turo ba, kuma jiya na ga Gazali, da tsufansa, ya sayi sabon dutsen wasa wuƙa.

Maganar tasha kuwa, Mu'minatu ta ce ko mu gyara, tunda gaskiya ta fito. Na ce ta rubuta yadda ya faɗa. Amma ta ƙara da cewa keken nan dai, ni na taka shi.