Yadda Matan Kurayyat Suka Kai wa Jaruma Gudunmawa

Kano zuwa Jidda

Tun kafin kiran assalatu na bar Gwammaja, ni da jakata da ƙullin kuka da daddawa, waɗanda Yaya Talatu ta ce kada in kuskura in taka Jidda babu su. Umra ce ta kai ni, amma har da kewar yayata, wadda ta daɗe a unguwar Kurayyat har 'ya'yanta sun fi sakewa da Larabci a kan Hausa. A filin jirgi wani jami'i ya shinshina daddawar, ya kalle ni da tausayi, ya ce in wuce. Jirgin da aka ce na hantsi ne sai bayan azahar ya ga damar tashi.

Abir, autar Yaya, ita ta tare ni, kuma tun a mota ta zazzage mini damuwarta. A gidan silima take aiki, cikin wani katafaren kanti a arewacin gari. A da gugguru take sayarwa, yanzu kuwa ana gwada ta a ofishin da ke tsara fim ɗin da za a haska da lokacinsa. An kawo wani fim na Turawa, jarumarsa mace ce mai tashi sama tana ɗaga motoci, amma kasuwa ta ƙi. Mudir, wato shugabansu, ya ce mata ba sa kallon mata, a sauke shi. Abir ta yi tsalle ta dire, ta ce an sa shi ne lokacin da mata ke bakin murhu ko wurin aiki, ba talla ba komai. Sai ya ba ta dama ɗaya, ranar Asabar bayan azahar. In ta cika zauren, kujerar ofis tata ce. In ba ta cika ba, halas, shi ke nan, ta koma gugguru.

"Khala, wallahi lazim, dole ya cika," in ji ta. Khala take ce mini, wato ƙanwar uwa. Tausayinta ya kama ni sosai.

Makka

Na je na yi abin da ya kawo ni lafiya lau, alhamdu lillahi. Na yi wa Abir addu'a, ita dai, ba fim ɗin ba.

Kurayyat

Ina dawowa na tarar Yaya ta karɓe ragamar gayya. Gida-gida take bi da alawa da turaren wuta tana cewa 'yarta na da taro ranar Asabar, duk mai ƙaunarta ta fito. Kafin ka ce kwabo an fitar da anko, shuɗin leshi, an kira mai lalle. Na ce mata, Yaya, kallo fa ba biki ba ne, in lokaci ya yi kunnawa ake yi ko da kujeru ne kaɗai a ciki. Ta ce in yi shiru, baƙo idonsa ne kawai manya, ita ta san mutanenta. Ni ma har na karɓi nawa ankon, don leshin ya yi kyau.

Hanya

Ranar Asabar Abir ta yi sammako. Ni kuma na bi bayanta a tasin Malam Idi, wani Badamagare da ya tsufa a titunan Jidda. Yaya ta ce in yi gaba, suna nan tafe, saura ɗaurin kallabi. Muka ratsa ta gefen unguwar Ammariyya, muka miƙa har unguwar Safa, inda gidajen bene suka jeru kowanne da motarsa a gindi. Da na ba shi labari sai ya kafa mini karatu. Ya ce irin wannan fim ba zai taɓa ciniki ba, domin mai gida ne ke yankar tikiti, kuma babu namijin da zai biya kuɗinsa matarsa ta ga yadda ake nannaga ƙato da ƙasa. Na tambaye shi ko ya taɓa shiga silima. Ya ce Allah ya kiyaye, amma yana kai mutane ƙofa.

Zauren kallo

Sanyi kamar cikin firji, kujeru kamar na jirgi, mu kuwa ba mu cika layi ɗaya ba. Abir na tsaye a bakin ƙofa tana kiran uwarta, uwar na cewa sun kusa. Aka kashe fitila.

Fim ɗin ba laifi, amma in don ni ce a sake lale. Ita wannan jaruma ba ta gajiya, ba ta kuskure, ba ta gaida kowa, ba uwa ba ƙanwa, sai duka. Wanda ba ya faɗuwa kuwa me za ka tsaya jira a kansa? Wuri ɗaya ne ta zauna ta yi kuka da aka kashe ƙawarta, nan ne kaɗai na ji ta shiga raina, sai ga shi an sake cilla ta sama. Na yi gyangyaɗi kaɗan, na farka tana kan dukan mutumin da na bari.

Bayan magariba

Sai da aka idar da sallah muka ji guɗa daga ƙasan bene. Matan Kurayyat ne, bas-bas, shuɗin leshi na leƙowa ta ƙarƙashin abaya, ƙamshi ya cika kanti. Wata da kular waina, wata da turmin atamfa, wata da saitin kofuna, duk gudunmawar Abir. A ganinsu ma sun yi sauri, tunda wane mai hankali ne ke zuwa taro da rana tsaka? Mai gadi ya tare abincin, Yaya ta wanke shi tas da Larabci. Abir ta faɗa musu an gama tun ɗazu.

Suka ce ai ba za su yi kwalliya a banza ba, kuma ba za su kunyata 'yar Talatu a wurin aikinta ba. Me ake haskawa yanzu? Aka ce fim ɗin wani ƙato ne mai sulke. Suka kwance bakin gyale, kowacce ta yanki tikiti, zaure ya cika maƙil har da masu jiran wani zagaye. Mudir na tsaye a sama yana kallo, yana murmushi.

Komawa gida

Da na tashi dawowa Abir ba ta samu raka ni ba, tana bakin tukunyar gugguru. Na sauka Kano lafiya, na isa Gwammaja da la'asar, sannan na kira ta. Ta ce an sauke fim ɗin jarumar, an ƙara wa na ƙaton mako. Na tambaya ko mudir ya yi mata faɗa.

"La, Khala, bai yi ba, godiya ma ya yi mini. Ya ce shi da baki kawai yake cewa mata ba sa kallon mata, ni ce na kawo masa shaidu har ƙofa."

Ta yi 'yar dariya, ni kuwa na kasa. Ina gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni, da Yaya Talatu da ta sauke ni, da matan Kurayyat, waɗanda ko ɗaya ba ta ƙi fitowa ba.