Ranar da Na Miƙa wa Mahaifiyar Abokina Makirufo

Shekarun baya, lokacin ina koyarwa a wata firamare a Talata Mafara, wasu matasa suka shirya bikin nuna finafinan da suka ɗauka da kansu, yawancinsu da wayar hannu. Kwana uku aka tsara: Litinin a Bakura, Talata a Mafara, a huta Laraba, a ƙarasa ranar Alhamis a Maradun. Abokina yana cikin masu shiryawa, shi ya ce ni zan riƙe makirufo in riƙa gabatar da kowane fim. Ba don na san fim aka zaɓe ni ba. An dai san ni da baki, ko taron iyayen yara ne sai an yi dabara kafin a raba ni da abin magana. Nan take na amsa, har da kai sabuwar shadda wurin tela.

Ni na ɗauka irin finafinan da muka saba ne, wani yana so wani yana hanawa, a yi waƙa, a yi kuka, a daidaita a ƙarshe. Abokina ya ce a'a, waɗannan na gwaji ne, kowa yana yin abin da ransa ya ba shi. Na gyaɗa kai na ce na gane, alhali ban gane komai ba.

A Bakura ɗakin taron wata makaranta aka ba mu. Da hantsi aka fara, domin kowa yana so ya koma garinsu da sauran rana, saboda haka aka toshe tagogi da barguna da kwalaye don a samu duhu. Zafi kuwa ba a magana. Na tashi na yi gabatarwa mai tsawo, aka kunna majigi, sai ga ruwa yana gudu a cikin magudanar madatsar ruwa ta Bakolori. Na gyara zama ina jiran wanda zai zo ya faɗa ciki, ko wanda zai zo ɗiba. Minti biyar, ruwa ne kawai. Sai na ce a raina majigin ne ya maƙale, na tashi na kai masa duka biyu a gefe.

"Malam, bash shi!" in ji mai fim ɗin daga baya. "Hakanan shike!"

Na koma na zauna, sabuwar shaddata ta jiƙe da gumi. Fim na biyu ma ya fi wannan, don babu hoto sam, allo baƙi ƙirin, sai ƙarar taɓarya a turmi. Da aka ɗan jima wani dattijo da ke kusa da ni ya taɓo ni ya ce, "Malam, yaushe za a hwara?" Na ce, "Baba, ai an gama." Ya ce, "To, Allah shi ba da lada." Abin da ya ƙara ruɗa ni, a ɓangaren mata gardama ce ta kaure. Wasu suna cewa mata uku ne ke sussukar, wasu suna cewa huɗu ne, kuma duk sun yarda gero ne ba dawa ba. Su sun ji abin da ni ban ji ba, ni kuwa aka ba aikin bayani.

Na abokina shi ne na ƙarshe. Bafulatani ne, daga wani ƙauye kusa da Maradun, kuma ɗan fari ne a wurin mahaifiyarsa. Irin alkunyar nan ta mutanen da ita ce tsakaninsu: ba ta faɗin sunansa, ba ta haɗa ido da shi, in tana da magana sai ta faɗa wa wanda ke kusa, shi kuma ya ji. Fim ɗin nasa minti ashirin ne, kuma ita ce a ciki daga farko har ƙarshe. Tana tatsa, tana kaɗa nono, tana tafiya rijiya, amma duk ta baya. Duk lokacin da ya matso, sai ta kau da kai. Ko sau ɗaya fuskarta ba ta fito ba. Damina guda ya yi yana ɗauka, yana yi kamar latsa waya kawai yake.

Ban gane shi ba, kamar yadda ban gane sauran ba, amma wannan ya tsaya mini a rai. Muna naɗe wayoyi na tambaye shi ko ta san ya ɗauke ta.

"Ba ta sani ba," in ji shi. "Ƙaƙa zan tambaye ta? Shi ya sa nic cire shi daga na Maradun. Amma labari zai kai mata. In har tag ga kamar na tallata ta ga mutane, wallahi goge shi zan yi, in aje sana'ag ga gaba ɗai."

Na san shi, ba ya rantsuwa a banza. Shekara uku ke nan yana fama da wannan harka, ita ce abu guda da na ga yana yi da dukkan zuciyarsa. Sai na ga ai maganin abin a hannuna yake. Kowace Talata mahaifiyarsa tana kawo man shanu kasuwar Mafara, mahaifiyata kuma tsohuwar mai saye ce a wurinta. In ta zo ta gani da idonta, ta ji yadda ake tafa wa ɗanta, ai magana ta ƙare. Na roƙi mahaifiyata ta jawo ta zuwa wurin kallo.

"Shi ɗan nata ya sani?" ta tambaye ni.

Na ce zai sani.

Ta kalle ni ta ce, "Kai dai Allah shi shirya ka." Amma da yake ita ma tana son ganin ƙwaƙwaf, ta yarda.

Ranar Talata ɗakin ya cika fiye da na Bakura. Mahaifiyata da mahaifiyarsa sun shigo ana tsakiyar nuna wani fim, suka zauna a bencin ƙarshe na ɓangaren mata. Abokina bai gan ta ba sai da aka riga aka kunna nasa. Ya damƙe mini hannu har na ji zafi, ya ce, "Wa ya kawo ta?" Na ce ya kwantar da hankalinsa, na san abin da nake yi.

Ni ban kalli allo ba, ita nake leƙe da ɗan hasken majigi. Tana zaune tsaf, hannu a kan gwiwa, fuskarta ba ta nuna komai ba. Da aka gama, ɗakin ya ɗauki tafi, har da masu tashi tsaye. Wannan tafin ne ya hau mini kai. Na ratsa benci na nufi ɓangaren mata ina jan wayar makirufo, na ɗaga murya na ce, "Jama'a, yau uwar mai fim tana tare da mu! Inna, ga ɗanki, ga aikinsa. Faɗi sunansa da bakinki, ki sa masa albarka kowa ya ji!"

Ɗakin ya yi tsit, sai ƙarar janareta daga waje.

Kada ku ce ban san al'adar ba. Na sani sarai, a nan aka haife ni. Amma ni auta ne, kafin in karya kumallo mahaifiyata ta kira sunana sau goma, rabi da faɗa. Ga kuma makirufo a hannu, wanda in ya shiga hannuna hankalina yakan koma baya ya jira.

Ta ja mayafi ta rufe fuska, ta juya wajen mahaifiyata ta yi magana a hankali, sai dai makirufon yana dab da bakinta, kowa ya ji.

"Hajiya, rana ta yi. Ni zan koma kasuwa."

Ta tashi ta fita. Abokina ya fita ta ɗaya ƙofar. Mahaifiyata ta bi ta, da ta zo giftawa ta gabana ta ce, "Ka ga abin da ka yi." Ni kuwa na tsaya a tsakiyar mata da makirufo, ban san ko in bi wancan ko in bi waccan ba. Ƙarshe na sanar da fim na gaba, shi ma ba wanda ke kan layi ba.

Daga nan kowa da fassararsa. Mahaifiyata ta ce kunya ce kawai ta kore ta, kuma ni na jawo. Wani cikin masu shirya bikin ya ce a'a, fushi ne, an ɗauki mace shekara da shekaru tana tsare mutuncinta an haska ta a bango ba a tambaye ta ba. Wata malamar makarantarmu ta ce ai da ba ta so, tun farkon fim za ta tashi. Duk wanda ya yi magana sai in ga shi ke da gaskiya, har wani ya zo ya rushe. Na tambayi mahaifiyata me matar ta ce a hanya. Ta ce hirar tsadar dusa suka yi.

Ranar Laraba na samu abokina a ɗakinsa. Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi da na fi jin daɗi. Na ce ƙila ni ta guda, ba fim ɗin ba.

"Ko kai na, ko him na, wa zai tambaye ta?" in ji shi. "Ta tashi ta hita. Amsa ke nan."

Ya ce zai je Maradun gobe don shi ke kula da majigi, ba zai watsa wa abokan aiki ƙasa a ido ba. Ana tashi daga taron zai goge fim ɗin, ya miƙa musu kayansu. Na yi ta magana, ni da ba na rasa abin faɗa, amma ko ni ban yarda da abin da nake cewa ba.

Ranar Alhamis na isa Maradun da wuri. Ina sauka daga kan babur sai na hango ta a gindin wata bishiyar dalbejiya kusa da ɗakin taron, tare da wasu mata biyar 'yan ƙauyensu. Na so in zagaya ta baya, amma sun riga sun gan ni. Na je na durƙusa. Muka gaisa, ta tambayi gida, ta tambayi Hajiya, ta tambayi makaranta da yara da gajiyar shekaranjiya, kamar babu abin da ya faru. Na buɗe baki zan ba da haƙuri, sai ta katse ni, idonta yana kan hanya.

"Malam, kana ganin mai abin ga?"

Na ce ina ganinsa, Inna.

"To ka ce mai, ƙwaryad da yas sa ciki, wadda nika tatsa da ita, ta hwashe an ɗunke ta. Duk Mahwara sun ga ɗunkin. Ina da sabbi guda ukku rataye a ɗaki, bai tambayi kowa ba. Ka ce mai in shina da lokaci, shi zaka Juma'a da sahe shi sake." Ta nuna matan da haɓa. "Waɗanga kuma su sunka ce sai sun gani. Ni ban ce su zo ba."

Sau biyu aka nuna fim ɗin nan a gabana ban ga wani ɗinki ba, amma abin da na ji shi ne an kunyata ta a gaban mutanen Mafara da fasasshiyar ƙwarya. Na shiga ɗakin na tarar da abokina yana haɗa wayoyi. Na ce, "Ka yi haƙuri, tana waje, kuma ranta a ɓace yake." Na faɗa masa saƙon, ina rage masa kaifi yadda zan iya.

Ya ajiye wayar da ke hannunsa ya ce in maimaita, kalma bayan kalma, kada in gyara komai. Na maimaita.

"Ta ce in sake?"

Na ce eh, wai ka kunyata ta.

"Ta ce in zo, in sake?"

Sai ya zauna a kan benci, ya cire hula ya rufe fuska da ita, kafaɗunsa suna rawa. Na tsaya a kansa ban san dariya yake ko kuka ba, ban san ko in ba shi haƙuri ko in taya shi murna ba. Da ya ɗago, idonsa ja, ya ce, "Kai malami na, amma wallahi ba ka jin magana. Tun da anka haihe ni ba ta taɓa nuna ta ga wani abu da niy yi ba. Ta zamna ta kalli aikina har ta ga ɗunki ga ƙwarya."

Ya mayar da fim ɗin cikin jerin na ranar. Matan biyar suka shigo suka kalla, suna nuna allo suna dariya ƙasa-ƙasa. Ita tana can gindin bishiya har aka tashi. Gabatarwata a ranar jimla ɗaya ce, na koma na zauna.

Ya je ranar Juma'a ya sake ɗauka, kuma har yau yana cikin harkar. Na kalli sabon, na kalli tsohon, in ban da ƙwaryar ni ban ga bambanci ba, a duka biyun ba ta juyo ba. Shi kuwa ya ce bambancin kamar sama da ƙasa ne, don a na biyun ta san yana nan.

Har yanzu ban san ko daidai na yi ba. Mahaifiyata ta ce sa'a kawai na ci, kuma ina jin ita ke da gaskiya. In na tuna shirun da ɗakin nan ya yi, kunya takan kama ni kamar jiya aka yi. Abin da na ɗauka dai shi ne, ni a da ina ganin duk abin da ba a faɗa da ƙarfi ba, ba a faɗe shi ba. Ashe akwai mutanen da suke faɗin komai, ni ne ba na tsayawa in ji.

Nakan je gaishe ta lokaci-lokaci. Ba ta taɓa tayar mini da maganar fim ba, ni ma ban ƙara ba. Sai dai in na tashi tafiya, takan rako ni bakin shinge, ta kalli wajen shanu, ta tambaye ni ko mai abin nan yana cin abinci.