Kuɗin Cefanen Inna

Da Inna ta zo Umra ta sauka gidanmu a unguwar Madain Fahd da ke Jidda, abin da nake tsoro shi ya faru. Tana ganin ɗana, haifaffen Jidda, ta tafa hannu: "Maigida, ina kuɗin cefanena? Shekara da shekaru ka bar ni da yunwa!"

Wasan kaka da jika ne, kowa ya sani, ban da shi. Saurayi guda, ɗan jami'a, sai ya zaro riyal ya miƙa mata hannu bibbiyu, fuska ba dariya. Da ya fita Inna ta ce min, "Kin dai haifa wa Larabawa ɗa."

Wallahi maganar ta soke ni. Yana jin Hausa, bakinsa ne ke da nauyi, kuma tun daga ranar ya shiga gudunta. Ga tsufa, ga kwanakin ziyararta suna ƙarewa. Na yi masa bayanin wasan, ya ce "Tayyib," ya shige ɗaki. Kamar in make shi.

Ana jibi za ta tafi, yana karatun jarrabawa a falo, ta zungure shi da sandarta. "Me kake ta haddacewa haka?"

Ya fara bayani yana tuntuɓe, rabi Hausa rabi Larabci. Wai gwamnatin Ingila in ta ci bashi wurin mutane, takardar shaida take ba su. A da ana shafa wa gefen takardar ruwan zinariya, irin na gefen Alƙur'anin Inna. Shi ya sa har yau suke kiran bashin "gilt", wato mai ruwan zinariya.

"Ikon Allah! Mai cin bashi har da kwalliya?"

"Don a yarda za ta biya ne, Hajiya."

Washegari muna karyawa sai ga shi da takarda, ya bi gefenta da biro mai ruwan gwal. Ya durƙusa gabanta. "Uwargida, ga cefanenki. Biya kuma sai kin dawo Umra. Halas, magana ta ƙare."

Inna ta yi dariya har da ƙwalla. "Ja'iri! Marowacin miji!" Ta kai masa dundu, ya goce.

Na sulale kicin, na jingina da firij ina hamdala, hawaye na zuba. Daga can na jiyo ta tana cewa, "Ka tanadi kuɗina, maigida. Zan dawo in karɓa, ko da rarrafe ne."