Garin Kan Dutse Da Ke Son Jikokina

Matso nan kusa ka ji, don ni ba na ɗaga murya a kan maganar 'ya'ya.

A unguwar Ammariyya, nan ƙasa mai tsarki, aka haife ni, nan na yi aure, nan na aurar. Ko unguwar Safa aka ce in je biki, sai na yi kwana biyu ina shiri. Amma akwai wani ɗan gari a ƙasar Girka da na san lungunansa kamar na unguwarmu, alhali ban taɓa taka shi ba.

Babban ɗana ne ya kai ni can ta waya. Da kafilinsa, ubangidan da ya tsaya masa, ya rufe shago, sai ya samu aikin tsinkar zaitun a garin, ya bar mini matarsa da yara uku. Kullum bayan la'asar yakan turo saƙon murya. Shi yana magana, ni kunnena na kan abin da ke bayansa: ƙararrawar awaki, iska, sandar wani tsoho tana ƙwanƙwasa dutse. Wata uku ina saurare, ban ji kukan jariri ba.

Na ce, "Kai, garin nan ba a haihuwa ne?"

Ya yi dariya. "Ummi, duk sun gangara birni. Sai tsofaffi da kyanwoyi."

Wai a kan dutse aka kafa garin, gidajen sun juya wa teku baya, don a da 'yan fashin ruwa kan kwashe mutanen gaɓa. Hanyoyin duk matakala ne, ba mota sai jaki. Turkawa sun daɗe suna mulki a can, suka bar wurin ɗiban ruwa a dandali, da rubutun Larabci a goshinsa wanda ba mai iya karantawa. Ran da ɗana ya tsaya ya karanta musu bisimillar da ke jiki, tsofaffin suka bar kartarsu suka kewaye shi, ɗaya har ya ce ya maimaita.

Tun ranar suka riƙe shi. Wata tsohuwa ta miƙa masa makullin gidan ƙaninta da ya yi tafiya bai dawo ba. Makarantar garin kuma za a rufe ta, ba ɗalibai.

"Ummi, sun ce in kawo yaran. Ni dai halas, na gama shawara, sai kin ce to."

Zama ya gagare ni. In share tsakar gida, in sake sharewa. In ɗora shayi in manta shi a wuta. Ina yi wa autar jikokin kitso ta ce, "Sitti, kina ja mini gashi!" Hausarta gutsi-gutsi ce, ni kaɗai ke lallaɓa ta. A can wa zai yi mata? To amma a nan duk shekara gabanmu na faɗuwa a kan sabunta iƙamarsu, takardar izinin zama, can kuwa roƙonsu ake yi su zo. Kakana ma da ƙafa ya baro Kano, kuma wata uwa ce ta ce masa jeka.

Sau biyu na danna wayar na yi magana, na goge. Kai da ka ji, in kai ne, me za ka tura masa?